Hutu a Tsakiyar Damina

Bara ruwa ya yi jinkiri a wajenmu. An share gonaki, an kai taki, an fid da iri, amma har watan Yuni ya raba sama ba ta ce kome ba. Ran wata Asabar da tsakar dare sai hadari ya haɗu daga gabas, aka kwana ana ruwa, irin wanda manoma ke kira ruwan shuka. Gari na wayewa, tun ba a buga ƙarfen majami'a ba, wani dattijon ekklesiyarmu ya yi sallama a ƙofar gida, da sungumi a kafaɗarsa. Da muka gaisa ya ce, "Fasto, ga ruwa Allah ya ba mu, ga shi kuwa yau Lahadi. Maƙwabtana duk sun fita. Gonata jigawa ce, ba ta riƙe danshi. In tafi, ko in zauna?"

Kada mai karatu ya ɗauki tambayar nan da sauƙi. Mutumin yana ciyad da baki goma sha ɗaya, hatsin rumbunsa kuwa ya kai ƙasa. Wanda albashinsa ke zuwa ƙarshen wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, yana iya cewa, "Baba, zauna mana, ai Allah zai tanada," bai kuwa yi hasarar ko zangarniya ɗaya ba. Mu ma abin da ya fara zuwa bakinmu ke nan, sai kunya ta hana. Za mu faɗi amsar da muka ba shi a gaba. Amma tun daga ran nan mu ke ta komawa cikin Littafi Mai Tsarki a kan batun hutu, abin da muka samu kuwa shi ne darasinmu na wannan wata. Ya kamata a buɗe Fitowa sura 16, da Maimaitawar Shari'a sura 5, da 1 Sarakuna sura 19, a karanta su tukuna.

Ranar farko ta Adamu

A wace rana aka halicci mutum? Ko yaran Makarantar Lahadi sun sani, a rana ta shida ne. Me ya biyo bayanta? Rana ta bakwai, wadda Allah ya huta a cikinta, ya sa mata albarka, ya keɓe ta. Watau cikakkiyar rana ta fari da Adamu ya gani a duniya ranar hutu ce. Bai riga ya ɗaga fartanya ba, bai dasa kome ba, balle a ce ya gaji. Ya tarad da aikin Allah a gama, itatuwa da 'ya'yansu, koguna da ruwansu. Sa'an nan ya shiga aikin da aka ba shi, na noman gonar Aidan da tsaronta (Farawa 2:15). A lura kuma, an ba shi aikin nan tun zunubi bai shigo ba. Saboda haka aiki ba la'ana ba ne. Ƙaya da sarƙaƙiya da cin abinci da gumin goshi su ne suka zo daga baya. Malalaci ba shi da mafaka a cikin darasin nan, gama Bulus ya riga ya gama da shi a 2 Tasalonikawa 3:10.

Mu dai mun saba lissafin hutu kamar ladan ƙwadago, a gama aiki tukuna, kana a biya. Amma wane manomi ne ya taɓa gama aiki? Da an gama shuka ciyawa ta taso, sai noman farko. Ba a gama shi a wancan gefe ba wannan gefe yana neman maimai. Daga nan huɗa, daga nan girbin gero, da cirar gyaɗa, da yankan dawa, da ɗaurin dami, da kai shi gida, da gyaran rumbu. Rani na shiga, mai fadama ya koma lambu, wanda ba shi da ita ya ɗauki jaka ya tafi cin rani. Wanda ya ce sai ya gama zai huta, to, hutunsa na fari shi ne ran da za a ce Allah ya hutad da shi.

Ubangiji ya san wannan. Shi ya sa a Fitowa 34:21, sa'ad da ya maimaita wa Musa dokar kwana shida na aiki da ɗaya na hutu, ya ƙara da ambaton lokatai biyu da sunansu: lokacin huɗa da lokacin girbi. Bai ambaci rani ba, domin hutun rani ba shi da wuya. Ko wanda bai san Allah ba yana kwance a inuwar ɗorawa a watan Maris. Inda a ke gane ko mutum ya gaskata Allah ne ke ciyad da shi, a tsakiyar damina ne.

Makarantar jeji

Tun kafin a ba da Dokoki Goma a Dutsen Sina'i Allah ya fara koya wa Isra'ilawa wannan karatu, da abinci kuwa ya koya musu, domin ciki ba ya mantuwa. Kowace safiya manna tana kwance a ƙasa kewaye da zango. Kowa ya tattara mudu ɗaya domin kowane baki na gidansa, kada kuma a bar saura ya kwana. Waɗansu ba su ji ba, suka ɓoye. Da safe ta yi tsutsa, ta yi wari. A rana ta shida sai aka ce a tattara ninki biyu, wannan kuwa ta kwana lafiya lau. Duk da haka da gari ya waye ran Asabar waɗansu suka ɗauki kwandunansu suka fita, suka dawo hannu wofi.

Kada mu yi musu dariya. Mutanen nan bayi ne jiya jiya. A Masar an hana su ko ƙaiƙayin da za su cuɗa ƙasa da shi, aka kuma ce kada adadin tubali ya ragu. Da Musa ya roƙa a bar su su tafi su yi wa Allah sujada, Fir'auna ya ce ragwanci ne ke damunsu. Wanda ya girma a ƙarƙashin bulala irin wannan, ko an 'yanta shi hannunsa ba ya iya zama. Abin da ya fid da su ran Asabar da kwanduna tsoro ne, tsoron kada gobe ta zo ba kome. Sai da Allah ya shekara arba'in yana maimaita musu darasi guda kowane mako.

Ubangijinmu Yesu ya ba da wani misali a Markus 4:26-29 wanda manomi ya fi kowa ganewa. Mutum ya zuba iri a ƙasa, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma, shi kuwa bai san yadda a ke yi ba. Ko ka kwana a gona da fitila, ba za ka ƙara wa gero ko gaba ɗaya ba. Rabonmu shi ne shuka da noma da girbi. Tsiro da ruwa da rana suna hannun wani, shi kuwa ba ya gyangyaɗi. Mai bi ya kan yi barci domin akwai mai tsaro a farke.

Hutun jaki

An rubuta Dokoki Goma sau biyu, a Fitowa 20 da Maimaitawar Shari'a 5. A na farin, dalilin Asabar shi ne halitta. A na biyun an ba da wani dalili: su tuna dā su bayi ne a Masar, Allah ya fisshe su. An kuma jera waɗanda za su huta tare da maigida, ɗansa da 'yarsa, bawansa da baiwarsa, sansa da jakinsa da sauran dabbobi, har baƙon da ke zaune a garin. An faɗi nufin a fili, domin bawa da baiwa su sami hutu daidai da na ubangidansu. Ashe dokar ta fi nauyi a kan wanda ke da iko ya ba wani hutu ko ya hana shi.

A nan ne darasin ya juyo ya kama mu. Wata Lahadi mun yi wa'azi a kan ranar Ubangiji, muna jin mun yi abin kirki. Da daddare uwargida ta ce, "Maigida, wa'azin ya yi daɗi. Amma ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin wannan Lahadin da ka ke faɗa ba." Muka yi shiru, muka lissafta. Ta tashi tun kiran zakara na fari, ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta guge mana riga. Ta zauna a majami'a da goyo a baya. An tashi, baƙi sun biyo mu gida, kamar kowace Lahadi, sai tuwo ya zama tukunya biyu. Mu muna kan kujera muna ta zancen Maganar Allah, ita tana gaban murhu. Hausawa suna da suna domin wannan: hutun jaki da kaya a ka.

Waɗansu sun lura ba a ambaci mata a cikin jerin masu hutawa ba. Dalili shi ne ana magana da miji da mata ne tare, su ne masu gidan. Ba mai hankalin da zai ce Allah ya tuna da jaki ya manta da uwar gida.

Haka kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye domin aikin gida, wadda a kan bari da wanke-wanke sa'ad da iyali suka yi ado suka tafi sujada. Haka yaron shago. Haka ɗan acaɓa wanda babur ɗin ba nasa ba ne. In mai babur ɗin mai bi ne, yana zaune a bencin gaba yana raira waƙa, amma yana jiran balas na kwana bakwai cif, to, shi ne ya tura yaron kan hanya ran Lahadi, ko da bai ce masa kome ba. Annabi Amos ya san 'yan kasuwa masu kiyaye Asabar da jiki, zuciyarsu kuwa tana ƙosawa rana ta faɗi su buɗe buhu su rage mudu (Amos 8:5). Ƙofar shagonsu a rufe, amma Allah bai karɓa ba.

Shin muna ƙarƙashin doka ne?

Wani zai ce, ai mu ba Yahudawa ba ne, ranarmu kuma ba Asabar ba ce. Gaskiya ne. Malaman Yahudawa sun bi dokar nan suna ƙara mata shinge, har daga baya suka rubuta iri 39 na ayyukan da aka hana. Da almajiran Yesu suka zāgi zangarniya suna tafiya cikin gona, aka ce sun yi girbi. Yesu ya amsa musu cewa domin mutum aka yi Asabar, shi ne kuma Ubangijinta (Markus 2:23-28). Da ya warkad da macen da ta shekara goma sha takwas a tanƙware, shugaban majami'a ya ji haushi, Yesu kuwa ya tuna musu cewa kowannensu ya kan kwance sansa ko jakinsa ya kai shi ruwa ran Asabar. Bulus ma ya hana a hukunta ɗan'uwa a kan ranaku (Kolosiyawa 2:16, Romawa 14:5).

Masu bi na fari sun riƙa taruwa a rana ta fari ga mako domin a ranar ne Ubangiji ya tashi daga matattu, amma ba ranar hutu ba ce a ƙasar Romawa, da yawa daga cikinsu kuma bayi ne. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Bitiniya mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kirista sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun gari bai waye ba, su raira waƙa ga Almasihu, su watse, sa'an nan su sake haɗuwa su ci abinci. A Taruwasa da dare aka taru, Bulus ya yi ta magana har tsakar dare, saurayin nan Aftikos barci ya kwashe shi a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku (Ayyukan Manzanni 20). Bulus bai tsauta masa ba, sauka ya yi ya rungume shi. Sai a shekara ta 321 Sarki Konstantin ya yi doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi. Abin lura, ya ware manoma, ya ce su a bar su, domin sau da yawa ranar da ta dace da shuka ba ta jiran kowa. Ashe tambayar dattijonmu ta fi shekara 1,700 a duniya.

Saboda haka ma'aikaciyar jinya da ke bakin aiki ran Lahadi, da mai gadi, da ɗan sanda, da wanda ke kai akuya ruwa, kada kowa ya ɗora musu laifi. Amma su nemi wata rana cikin bakwai su keɓe ta, ekklesiya kuma ta neme su da Maganar Allah a lokacin da za su iya. An ɗauke mana bulalar doka, amma kyautar tana nan, jikin da Allah ya yi kuwa bai sake ba.

Ga abin da muka gaya wa dattijon. Muka ce, "Baba, ba za mu ce maka in ka tafi gona yau ka rabu da Almasihu ba, gama ba da kiyaye rana aka cece mu ba. Amma kai dattijo ne, samari suna kallon sunguminka. Muna roƙonka ka ajiye shi. In kuwa ka ajiye, ba kai kaɗai za ka ɗauki nauyin ba." Ya jingina sungumin a bangon zaure, muka tafi majami'a tare. Bayan sujada aka yi shelar gayya. Ran Litinin da asuba samari goma sha huɗu da 'yan mata masu zuba iri suka sauka a gonarsa, kafin azahar an gama aikin da da shi da yaransa za su kwana uku a kai.

Ba za mu ƙara gishiri ba. Gefen tudu ya riga ya sha iska, bai tsira da kyau ba, sai da aka sake shuka shi. Da kaka bai fi maƙwabtansa dami ba, ba su kuma fi shi da wani abin kirki ba. Abin da muka koya dai shi ne, ninki biyun nan na rana ta shida, wanda dā ya kan sauko daga sama, yau sau da yawa ta hannun 'yan'uwa Allah ya kan aiko shi. Ekklesiyar da ke gaya wa gwauruwa ko ɗan ƙwadago ya huta ran Lahadi, ba ta kuwa auna masa ko mudu ɗaya ba, ta ɗaura masa kaya ne irin na Farisiyawa.

Gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kawarwa

Manoma sun san gona ma ta kan gaji. Dawa ta tsaya a gwiwa, ganye ya yi ja, ƙuduji ya cika kunyoyi. Kakanninmu sukan bar irin wannan ta zama saura, shekara biyu ko uku, kafin su komo mata. Allah ya umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai (Littafin Firistoci 25). Da aka kwashe su zuwa Babila, marubucin 2 Tarihi 36:21 ya ce a shekara saba'in ɗin nan ƙasar ta karɓi hutun da ta ke bi bashi. Jikin mutum ma haka ya ke karɓar bashinsa, ta hawan jini, ko faɗa da iyali ba dalili, ko addu'ar da ta bushe a baki.

Mu kuwa al'adarmu ba ta ba mu hanyar faɗa ba. In an ce, "Ina gajiya?" amsa ɗaya ce, "Ba gajiya," ko da mutum yana jin ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Gaisuwa ce mai kyau, amma kada mu kai ta gaban Allah.

Iliya bai kai ta ba. Ku dubi abin da ya wuce a kansa. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, fari na shekara uku ya ƙare, ya sha ɗamara ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Sai saƙo ɗaya daga Yezebel, cewa gobe war haka za ta kashe shi. Mutumin da bai ji tsoron sarki ba ya tashi ya gudu har Biyer-sheba, tafiyar wajen mil ɗari, kamar daga Kano zuwa Zariya. Ya bar baransa a can, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Da mu ne dattawan da aka aika wurinsa, da me za mu ce? Watakila mu ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, mu sa shi azumin kwana uku. Allah bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake ta da shi, aka sake ba shi, aka gaya masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Har zuwa nan ba wa'azi, ba tsawa. Wanda ya gina jikin ya san da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Muna da 'yan'uwa da yawa a kwanakin nan waɗanda tsoro ya raba su da gonakinsu da gidajensu, suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. In irinsu suka zo mana, mu bi tsarin mala'ikan nan: tabarma da tuwo tukuna, magana daga baya.

Amma abinci da barci ba su gama maganin ba. Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, ya shiga kogo. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya. Bayansu sai wata 'yar murya a hankali, a nan ne Iliya ya rufe fuskarsa da alkyabba. Irin muryar nan ba a jinta sai an yi shiru. Yaya mu ke da shiru? Wayar hannu tana ƙarƙashin matashi, ita ce ta ƙarshe da dare, ita ce ta fari da safe. Mutum yana iya kwana a gado yini guda yana latsa ta, ya tashi ya fi dā gajiya. Yesu kansa, wanda taro ya hana shi da almajiransa ko sukunin cin abinci, ya kira su gefe su huta kaɗan (Markus 6:31), da taron ya riga su zuwa ya ji tausayinsu ya ciyad da su, amma da ya sallame su ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. An jinkirta masa hutun, bai kuwa yar da shi ba.

Sau biyu Allah ya tambayi Iliya abin da ya ke yi a wurin, sau biyu ya ba da amsa iri ɗaya: ya yi kishi domin Ubangiji, an kashe sauran, shi kaɗai ya rage. Ga ainihin kayan da ya karya shi. Ya ɗauka aikin Allah duka a wuyansa ya ke rataye, in ya faɗi kome ya faɗi. Allah ya gaya masa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma mai da shi ta hanyar da ya biyo, da aiki uku a hannu: Hazayel zai zama sarkin Suriya, Yehu sarkin Isra'ila, Elisha kuma annabi a matsayinsa. Ku bincika 2 Sarakuna sura 8 da 9, za ku ga ɗaya kaɗai Iliya ya yi da hannunsa. Elisha ne ya je wurin Hazayel, wani saurayi kuma da Elisha ya aika shi ya zuba wa Yehu mai, bayan an ɗauke Iliya. Aikin ya ci gaba ba shi.

Fastoci da masu bishara da shugabannin zumunta, da ku mu ke, da kanmu kuma. Mun zauna mun ƙirga tarurrukan ekklesiyarmu na mako guda. Ran Lahadi addu'ar asuba, Makarantar Lahadi, sujada ta awa uku, taron dattawa, taron kwamitin gini, ziyara, sujadar yamma. Sauran kwana shida kuwa ba maraicen da ba a buga ƙarfe: mawaƙa, zumuntar mata, addu'ar tsakiyar mako, matasa, ajin baftisma. Mutanen da ke zuwa wannan su ne ke zuwa wancan. Akwai gidajen da uba da uwa da 'ya'ya ba su zauna kan tabarma ɗaya sun buɗe Littafi tare ba wata da watanni, domin kullum ɗaya yana majami'a. Yesu ya kira masu wahala da masu nauyin kaya su zo ya hutasshe su, ya ce karkiyarsa ba ta da tsanani (Matiyu 11:28-30). Mai shanun huɗa ya san karkiyar da aka sassaƙa daidai wuya ba ta yi wa sa rauni. In mutanenmu suna fitowa daga Lahadi da miki a wuya, mu tambayi kanmu wa ya sassaƙa wadda muka ɗora musu.

Da muka kai maganar gaban dattawa ba a rabu da sauƙi ba. Wani ya ce rage taro alamar sanyi ce, maƙwabta za su ce ekklesiya tana mutuwa. Dattijon nan mai sungumi shi ya tsaya mana. A ƙarshe aka yarda da abu uku na gwaji har Kirsimati: an ɗauke taron kwamiti daga Lahadi, an bar maraicen Litinin da na Alhamis ba ƙarfe, an kuma roƙi kowane gida a yi girkin Lahadi tun ran Asabar gwargwadon iko, maza da samari su ɗebo ruwa su faskara itace. Na farko da na biyu suna tafiya. Na ukun kuwa, shugabar zumuntar mata ta gaya mana a watan jiya cewa gida shida ne kaɗai ta tabbatar an fara, ta kuma roƙa a sake karanta Maimaitawar Shari'a 5:14 a taron maza mai zuwa, a hankali, sau biyu.